Mas'udu a Bakin Ƙofar Inna

Mas'udu nas ne a wani asibiti a Talata Mafara. Ɗakinsa na jikin nawa a gidan da muke haya. In ya taso aiki da yamma yakan zauna bakin rijiya yana wanke farar rigarsa, yana magana a hankali, ni kuwa ina saurare.

Kowa ya shaida hannunsa na da sauƙi. Mahaucin da wuƙa ta yanka, manomin Bakura da injin ban-ruwa ya datse wa yatsa, mutanen ƙauyukan Maradun da ake kawowa da raunin harsashi, duk shi ake nema ya wanke musu ciwo. Suna shigowa suna "Likita, Likita." Da ya ce shi nas ne, sai fuska ta sauya. Wani dattijo ya taɓa ce masa, "Ashe maza ma na yin wanga aiki? To, Allah shi kyauta." Abokan aikinsa mata kuwa, in za a ɗaga majinyaci mai nauyi ko gawa, sai ka ji, "Ina namijinmu?" In ya tarar da su suna hira, sai a yi tsit har ya fita.

Duk wannan bai taɓa hana shi barci ba. Na gida ne ya karya shi.

Shi ne ɗan fari wurin Inna Marka, can Garbadu. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta cin abinci gabansa, in magana ta kama sai ta bi ta bakin ƙanwarsa Baraka. Ga shi matan unguwa sun daɗe da kai mata cewa ɗanta na buɗe matan mutane a asibiti. In an tambaye ta aikinsa, cewa take kati yake rubutawa.

Bara da damina ɓarin jikinta ya shanye. Kwanciya ta yi tsawo, har ƙugunta ya fashe da gyambo. Mas'udu ya hau babur da jakarsa, auduga da bandeji da almakashi. Yana kai hannu ga labule ya ji muryarta.

"Baraka, ce ma wancan shi tsaya nan waje."

"Inna, dubawa kawai zan yi. Aikina ne."

"Baraka, ce mishi na san aikinai, an gaya min. Ni ba ni cikin matan da yaka buɗewa."

Haka jinyar ta kasance. Duk ranar da ba ya aiki yana Garbadu, tsaye bayan labule, Baraka na ciki da audugar.

"Wane launi ne yau?"

"Ja ne, Yaya. Amma gehen ya yi baƙi."

"Baƙin nan mataccen nama ne, sai an yanke shi."

Baraka da ko kaza ba ta iya fiɗa, sai almakashin ya kuɓuce mata ya faɗi. Ta fito da gudu ta yi amai bayan rumbu.

Ya roƙi wata abokiyar aikinsa, Sista Murja, ta je ko sau ɗaya. Ta ce, "Garbadu? Da wanga hali na hanya? Maigidana ba ya bari. Kai ma da abin dariya, nas guda cikin gida, mi kaka nema wurina? Kawo ta nan mana." Inna kuwa ta ce ba mai ɗaukar ta zuwa inda yake aiki. Ya kai kuka wurin yayanta, Kawu Hamidu. Kawu ya ce, "Bar mata mutuncinta. Ita ta haife ka, ba kai ka haife ta ba."

Wata yamma ya ce mini, "Ba sai na gani ba. Tun daga zaure nake jin warin. Na san warin ciwon da ke warkewa, na kuma san wannan."

Sau ɗaya ya gwada. Zazzaɓi ya rufe ta da rana, Baraka ta tafi ɗebo ruwa. Ya ɗaga labule ya sa ƙafa. Ta buɗe ido, ta ja zane da hannunta mai lafiya ta rufe jikinta, ta dube shi tsakar ido. Ya ce tun da ya yi wayo bai tuna ta taɓa dubansa haka ba. Ya koma da baya.

Ta rasu bayan girbi. Mata suka yi mata wanka, aka fito da ita a lulluɓe. Wurin zaman makoki ya ji wani na raɗa, "Ga malamin asibiti cikin gida, amma gyambo ya cinye ta." Kawu Hamidu ya ce kwana ne ya ƙare.

Har yanzu yana zuwa aiki, ana kiran namijinmu yana amsawa. Hirar bakin rijiya ce ta mutu. Kwanan baya Baraka ta zo kasuwa ranar Talata, ta biyo gaishe shi. Ina jin su daga ɗakina, ƙofa a buɗe. Ya tambaye ta girman ciwon Inna ranar da ya fara zuwa da jakar. Ta haɗa babban yatsa da manuni, ta nuna masa ɗan zagaye kamar bakin kwalba.

Ya daɗe yana kallon yatsun. Ya ce, "Irin wannan ko jiya na sallami mai shi."