Babban Murhun Baba

Ranar wata Laraba ce, cikin damanar da nake aji huɗu na firamare, ruwan sama ya kashe wa Baba wuta a tashar Isa. An tashe mu daga makaranta ke nan Inna ta aike ni in kai masa yaji da ƙullin tsinkayen tsire. Na tarar ya gama jera nama kewaye da tukuba, wato tudun tokar da masu tsire ke hura wuta a tsakiyarsa, kitse ya fara ɗiga, ƙamshi ya cika bakin tasha. Hadari ya taso daga gabas ba tare da wani gargaɗi ba. Iska ta riga ruwa isowa, ta kwashi yashi ta watsa a kan naman, kafin a ce haka ruwa ya tsuge. Direbobi da fasinjoji suka ruga rumfuna. Baba ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ɗanyen naman da ke cikin tire, ni kuma na shiga zare tsinkaye daga tukuba ina ƙona yatsu, amma toka ta riga ta zama taɓo, wutar ta yi baƙi tana huci. Da ruwa ya ɗauke, Baba ya ɗauki tsinke ɗaya ya gatsa, yashi ya yi ƙas a haƙoransa. Ya tofar, ya ce in tattara mu tafi gida. Kwana biyu muna cin wannan nama a cikin miya bayan Inna ta wanke shi, har makwabta suka samu, kuma babu wanda ya ji daɗinsa a gidanmu.

Baba manomi ne, amma gidan mahauta ya fito, don haka rayuwarsa kashi biyu ce. Da sanyin safiya yana gona wajen gero da dawa, da azahar kuma ya wanke ƙafa ya nufi mayanka ya zaɓo cinya ko kafaɗa, ya zauna tasha har a kira magariba. Sana'ar tasa ta gidan ce gaba ɗaya. Inna ke soya ƙuli-ƙuli ta daka shi da citta da masoro da barkono, ni nake feƙe tsinkaye da wata tsohuwar wuƙa mai guntun ƙota, in jiƙa su a ruwa don kada wuta ta cinye su. Kafin in tafi makaranta sai na share tsakar gida, na ɗebo ruwa tulu biyu, na taya Inna surfe. Da yamma in ƙawayena sun kira ni wasan carafke ko gaɗa a dandali, hannuna na ƙamshin yaji nake zuwa, har suna tsokanata wai ko a cikin duhun ɗaki an san Luba ta shigo.

Abu ɗaya na mallaka a duniya a lokacin, wata jar akuya da kakata ta ba ni tun tana 'yar ƙarama, kafin ta rasu. 'Yar Ja nake ce mata. Ni nake yanko mata ciyawa a bakin gona, ni nake ɓoye mata dusa da ruwan tsari, in rani ya yi kuma in hau rumbu in sauko mata da harawa. Ta san takuna. Tun daga zaure take fara kuka in na dawo makaranta, tana jan igiya har turken ya girgiza. A damanar nan ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, duk baƙon da ya shigo sai ya tanka.

Mako guda bayan ɓarnar ruwan, Baba ya hau bayan babur ya je Burkusuma gaisuwar rasuwa. Ya dawo da labarin da ya hana shi zama. Ya ce ya ga wani mai nama daga ƙetaren iyaka da murhun ƙarfe zagayayye, kamar an kifa babban kwano a kan wani, mai ƙafafu uku da murfi, gawayi a ƙasa, raga a sama. Ana ruwa mutumin na gashinsa, ko a jikinsa. Baba ya zana siffar a ƙasa wa Malam Ada, maƙerin unguwarmu da ya koyi walda, shi kuma ya samo gindin tsofaffin gangunan ƙarfe ya bubbuge su. Sai dai Malam Ada bai yi ɗaya ba, biyu ya yi, ƙarami da babba, ya ce Baba ya zaɓa, wanda ya rage zai kai kasuwa. Ranar da muka je dubawa ina biye da Baba. Ƙaramin bai wuce faɗin faranti babba ba, mutum ɗaya zai saɓa shi. Babban kuwa, da na buɗe hannuwana biyu ban kai gefe da gefe ba. Baba bai ko kalli ƙaramin ba. Ya ɗaga murfin babban ya mayar, ya sake ɗagawa, yana shafa ragar kamar mai duba bayan doki.

Kwana uku ana magana ɗaya a gidanmu. Inna ba mai ɗaga murya ba ce, tana tankaɗe tana faɗin nata. Ta ce abin da Baba ya tanada ƙaramin zai saya ba tare da an taɓa komai ba. Ta ce naman da yake sayarwa a rana bai cika rabin babbar ragar ba, kuma gawayi ba kyauta ake samunsa ba. "Malam, murhun ga ciki garai," in ji ta, "kullum sai ka ciyar da shi, ko an saya ko ba a saya ba." Baba kuma ya ce ƙaramin na mai gasa wa iyalinsa ne, ba na mai sana'a ba. Ya ce da babban zai karɓi gashin rago sukutum na suna da na biki, aikin da ake kai wa wasu yana kallo. Na fahimci daga baya cewa ba rago kaɗai ke ransa ba. Tun ranar da ya tsaya tsirara daga wuya zuwa ƙugu a gaban mutanen tasha yana kallon namansa cikin taɓo, yake son ya koma wurin da abin da zai sa a dube shi da wani ido.

Hanya ɗaya ta rage a kai ga babban, ita ce a sayar da 'Yar Ja. Baba na da ikon ya kwance ta ba tare da ya tambayi kowa ba, amma bai yi haka ba. Da hantsin wata Asabar ya same ni ina ba ta ruwa, ya tsuguna har kanmu ya yi daidai. "Luba, ɗiyata, akuyar ga taki ce, ba tawa ba. In kin ce a'a, ƙaramin za ni ɗauka, kuma ba za ni ji haushinki ba." Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa, ta ƙi taimakona ko da ido. Ban san mi ya shiga raina ba. Wataƙila tsugunon ne, don ban taɓa ganin Baba ya tsuguna wa kowa ba sai tsofaffi. Na ce na yarda. Ranar kasuwa ni na riƙe igiyar har bakin kara inda ake cinikin dabbobi, wani mutum mai rawani ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya matsa bayanta, aka sallama. Ban yi kuka a can ba. Sai da na dawo na ga turke da ragowar ciyawar safe, na shige bayan rumbu na yi mai isata.

A amalanke aka kai murhun tasha, yara na bin sa da ihu, direbobi suka kewaye suna ƙwanƙwasa murfin. Amma makonnin farko duk abin da Inna ta hanga sai da ya faru. Ranar farko Baba ya shimfiɗa gawayi ya cika gindin, ya jera nama ya rufe, ya juya yana gaisawa da mutane. Da ya buɗe, rabin naman ya zama baƙi ƙirin. Ya saba da wutar da yake gani da ido, wannan kuwa a ɓoye take aikinta. Da ya rage gawayi sai zafin ya bazu ya rasa ƙarfi, naman ya bushe bai nuna ba. Buhun gawayin da ke yi masa mako ya koma ƙarewa a kwana uku. Abin da ya fi ciwo shi ne ranakun da ba kasuwa. Ɗan naman da a da yake cika tukuba ya yi kwarjini, yanzu sai ya taru a tsakiyar ƙatuwar raga kamar ragowar jiya, mai saye ya leƙa ya wuce. Baba ya rage magana a gida. In ya shigo sai ya kauce wa gefen da turken yake, ni ma na lura ya daina haɗa ido da ni.

Inna ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba, ko sau ɗaya. Wata Juma'a da Baba ba ya fita sana'a, ta sa aka turo murhun gida, ta ce tana son ta gane halinsa. Ta tara gawayi kaɗan a gefe ɗaya kawai, ta bar ɗaya gefen babu wuta. Ta fara ɗora nama a kan garwashin har ya yi ja, sannan ta janye shi zuwa gefen da ba wuta ta rufe, ta sa ni in riƙa toshe hujin iskar da ke saman murfin da ɗan kasko ina buɗewa yadda ta ce. Muka bar shi har aka sauko daga masallaci. Da Baba ya dawo ta miƙa masa yanka ɗaya. Naman ya yi laushi har yana rabuwa a yatsa, ruwansa na ciki. Baba ya tauna, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya ce, "Ke kuma ina kika koyi wanga?" Ta ce, "Shekara nawa ina dafa maka tuwo da kara uku?" A ranar na ji dariyarsa karo na farko tun zuwan murhun.

Ita ce kuma ta ce wurin da ya rage a ragar kada ya zauna banza. Masara ta fara shigowa, don haka kullum bayan makaranta sai in ɗauki kwando in je tasha, in jera masara a gefen Baba, in masara ta wuce mu koma dankali da rogo. Ragar ta cika, idon mai wucewa ya daina ganin ragowa. Tsofaffin da haƙoransu suka gaza tsire suka fara aiko jikoki a sayo musu naman murfi, haka suka sa masa suna. In ruwa ya sauko Baba sai ya rufe murhunsa ya tsaya ƙarƙashin rumfa yana kallon hayaƙi na fita ta hujin, ana kiran sa yana amsawa da fara'a.

Gashin ragon da ya yi ta mafarki kuwa bai zo yadda ya zata ba. A shekarar farko sau biyu kacal aka kawo masa, ɗaya daga wani makiyayi na wajen Turba da aka yi wa haihuwa, ɗaya na walimar saukar karatu. Ranar da murhun ke cika maƙil ita ce washegarin Layya. Baba ba ya fita tasha, a ƙofar gida yake kafa shi, kowane gida na layinmu ya aiko da haƙarƙari ko kai ko cinya, ba ya karɓar komai a hannun kowa. Kawunnaina daga Sabon Birni su zo da iyalansu, tabarmi su cika zaure har waje, mu yara muna kai kwanoni muna dawowa da wasu, hannu da baki duk maiƙo. Bayan shekara biyu Baba ya sayo mini wata akuya, baƙa mai farin goshi. Na yi godiya, na kula da ita, ta haihu sau da yawa, amma ban sa mata suna ba. Ko murhun ya mayar da abin da ya ci, ban sani ba, kuma ban taɓa jin an sake tayar da zancen a gidanmu ba.

Yau ina zaune a Sakkwato da maigidana da 'ya'yanmu biyu, a gidan da tsakar gidansa ba ta kai zauren Baba ba. Baba ya rasu, ƙannena sun warwatsu, kawunnaina ma wasu sun bar garuruwansu, don hanyar da muke bi a da ba tare da tunanin komai ba yanzu saboda rashin tsaro sai an yi tambaya kafin a hau ta. Inna na nan Isa, ta ƙi tashi. Kafin Layyar bara na shiga wani shago na ga irin murhun nan, na kamfani, baƙi mai sheƙi da tayoyi, ƙarami da babba a jere. Na daɗe a tsaye, sannan na kira Inna a waya na ce ta zaɓa mini. Ta ce, "Ku nawa ne a gidan?" Na ce mu huɗu. Ta ce, "To ƙarami ya ishe ku, kada ki wahal da gawayi." Na ce to. Har zan kashe wayar, sai ta ce a hankali, "Sai fa in kina sa ran za mu zo."

Babban na saya. Yana nan a jingine bayan ɗakin girki, sau uku na hura shi, kowane karo naman mu huɗu ya taru a gefe guda. Har yau ban cika ragarsa ba, ina jiran hanya ta yi kyau.