Ɗaurin Goyon Sista Ladidi

Ladidi taubashiyata ce, 'yar kawuna, tsakar gida ɗaya muka tashi a Dayi. Tun tana ƙarama ba ta kuka, ko kunama ce ta harbe ta sai dai ta cije leɓe, shi ya sa muke kiranta Dutse. Ta yi karatun jinya aka tura ta wani asibiti a Funtua, ɗakin yaran da ciwo ya yi wa tsanani. Ni kuwa, Mudi, da boko ya ƙi ni na ƙi shi, na zama direban bas tsakanin Funtua da Malumfashi. Kullum na tsokane ta cewa za ta tsufa tana warin magani, sai ta ce burinta ɗaya ne: ta ajiye aiki, ta goya jikanta ta zaga gari da shi, in mutu da baƙin ciki.

Wanda bai ga ɗakin nan da damina ba, bai san aikinta ba. Iyaye suna gona, sauro yana aikinsa, ba a kawo yaro sai zazzaɓi ya kai shi ga jijjiga. Gado ɗaya yara biyu, wannan ana ƙara masa jini, wancan ruwa. Da yawa sun tashi a hannunta. Akwai magidanta yau a Gozaki da ke noman masara da numfashin da ta tsaya a kai.

Amma ba duka ke tashi ba. In yaro ya cika, uwar da ta zo daga ƙauye ba ta da motar ɗaukar gawa, kuma ba kowane direba ke yarda ba. Sai ta goya shi kamar mai rai, ta hau babur ko bas ta koma gida. Uwa a wannan hali ba ta iya ɗaurin da kanta, dole wani ya ɗaura mata. Ɗaurin kuma daban ne. Ana cusa hannuwan yaron ciki, a ja zane ya rufe kan gaba ɗaya, a ƙara majanyi a sama don kada kan ya riƙa lilo a hanya. Mu direbobi mun san ɗaurin nan, muna yi kamar ba mu gani ba.

Da abokan aikinta suka lura ba ta kuka, sai aikin ya zama nata. Ko tana cin abinci, ko ta saɓa jaka za ta tashi, sai a ce a kira Sista Ladidi, ita ce mai dakakkiyar zuciya. Ta zo ta ɗaura, ta dafa kafaɗar uwar ta yi mata addu'ar da ake yi wa wanda ya rasa yaro, ta wanke hannu ta koma kan na gaba. Abin da ke ƙona min rai har yau, kowa yabonta yake yi. Uwa tana komawa gida mutane su cika zaure da tsakar gida ana yi mata gaisuwa. Ladidi, da ta yini riƙe da yaron, sannu da aiki kawai take samu.

Ta taɓa zuwa wajen shugabar ɗakin ta roƙi a riƙa karɓa-karɓa, ko a mayar da ita wani sashe na ɗan lokaci. Matar ta yi dariya ta ce in Dutse ta gaji, su kuma su ce me? Ladidi ba ta sake tayar da maganar ba. Sai da ta kusa ajiye aiki wani sabon likita, Dakta Awaisu, ya kawo tsarin cewa duk ranar da aka rasa yaro ma'aikata su zauna su yi magana, ɗaurin kuma kowa ya koya. Tsari mai kyau, Allah ya saka masa. Ita dai ya zo mata a makare.

Ta ajiye aiki ta dawo Dayi, ba a daɗe ba 'yarta Naja'atu ta haihu, ta zo wankan gida. Ladidi kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Ta sayi sabon zanen goyo tana jiran wuyan yaron ya yi ƙwari. Ranar da Naja'atu za ta koma gidan mijinta a Danja, ni na kawo mota, ina tsakar gida ina ɗaure kaya. Yarinyar ba ta iya goyo ba tukuna. Ta duƙa ta ce, "Inna, ɗaura min shi."

Ladidi ta ɗora yaron tana yi masa wasa. Ina kallo hannunta ya cusa hannuwansa ciki, ya ja zanen ya rufe masa kai, ya ƙara majanyi a sama. Ta dafa kafaɗar 'yarta ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

Sai yaron ya motsa a cikin zanen ya tsala kuka. Naja'atu ta kwance shi da sauri ta rungume, tana duban uwarta. Ladidi kuwa hannuwanta take kallo. A ranar na fara ganin hawayen Dutse, kuma ban ji daɗin ganinsu ba ko kaɗan.

Naja'atu ba ta riƙe ta a zuciya ba, mun yi mata bayani ta fahimta. Yaron, Sadiq, yanzu yana gudu ko'ina. In an kawo shi Dayi yakan zo bayan kakarsa ya kama wuyanta yana cewa ta goya shi. Sai ta ce bayanta ke ciwo, ya je wajen Kaka Mudi. Zanen da ta saya yana nan cikin akwati, ko ninkinsa ba a warware ba.