Ranar da na ɗaure jaki a ƙarfen dogo

Ina cikin juji ina cika mangala da taki, sai na ji ana ta ihu: "Mai jaki! Mai jaki!"

Shekarun nan ne da takin zamani ya gagari talaka, mu mutanen Ungogo muke shiga birni da jakuna kwasar na juji. Akwai wani layin dogo da ya ratsa titi ya shige masaƙa. Kowa ya san ya mutu, har barkono mata ke shanyawa a kai. Ni kuwa a ƙarfensa na ɗaure jakin Kawuna da na aro.

Ina ɗagowa, wallahi ga jirgin kaya yana tahowa da baya. Wani dattijo na gaba da jar tuta.

Jaki ya fizga, ƙulli ya cije. Dattijon ya daka min tsawa: "Malam, shekara biyu muna jiran jirgin nan, sai jakinka ya tsayar da shi?"

Na ce, "Baba, shekara biyu bai zo ba, sai yau da na yi aro?"

Dole na yanke igiyar. Jaki ya tsallake layi ya ranta a na kare. Jirgi ya tare titi, gaba, baya, gaba, baya, har la'asar, ni a nan, jaki can.

Kun san abin da ya ja ya fita da shi? Tarago ɗaya, shi ma fanko.

Jakin dai ya riga ni isa gida, yana jan guntuwar igiya, ba mangala. Don Allah, da ku ne, me za ku ce wa Kawu?