Jan Ƙyallen Orest Hrynko

Kafin motar kwashe ƙanƙara ta shigo layinmu a Winnipeg, Orest Hrynko ya riga ya fita da akwatin kayan aiki da fulas ɗin kofi. Mai gyaran injin ɗumama gida ne, rabin rayuwarsa a ɗakunan ƙasa na mutane ta ƙare. Bana zai ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, ni kuwa tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Bara da tsakiyar hunturu aka sallamo jikata Noelle daga asibiti, bakwaini ce, ƙirjinta ba ƙwari. Ɗakinta ne na ƙarshe a gidan 'yata, inda bututun iska mai zafi ke isa da ƙyar. Surukina Curtis, sarkin karambani, ya sayo ƙaramar fanka ya saka cikin bututun, ya jona ta a soket ɗin bango. Garin neman ƙiba aka samo rama. Injin na hutawa, fankar ba ta hutawa, sai ta yi ta huro wa jaririya iskar da ta huce cikin bututu. Muka wayi gari yarinya na tari, tafin hannunta sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ni sosai.

Muka kira Orest. Yana zuwa ya fara kashe wutar injin, sannan ya dubi aikin.

"Curtis, ɗana, fankarka ba ta da laifi. Shugaba ne ba ta da shi."

"Baba, haka fa na ga an yi a bidiyo," in ji Curtis.

"Mai bidiyon yana da jaririya a ɗakin ƙarshe?"

Ya durƙusa da gwiwar nan tasa, ya ja wayar fankar zuwa inda babbar fankar injin ke samun wuta, don su tashi tare su tsaya tare. Da ya gama ya ɗaura jan ƙyalle a bakin bututun ɗakin Noelle.

"Kaka, sa ido," ya ce mini. "In injin ya yi shiru ƙyalle yana rawa, kira ni ko ina tsakiyar cin abinci."

Bai tafi ba. Muka zauna da shi, kofinsa na hucewa. Injin ya tashi, ƙyalle ya tashi, ɗumi ya shigo. Injin ya yi shiru, ƙyalle ya ɗan kaɗa, na zuba masa ido. Sai ya kwanta.

Orest, kai ne mai gyaran da ba ya tafiya sai ya ga aikinsa ya tsaya da ƙafarsa. Mun gode. Ku matasan da za ku gaji akwatinsa, ku koyi zaman nan nasa bayan an gama aiki. Noelle ta fara tafiya, kullum tana son fizge ƙyallen, ni kuma ina hana ta. Ban san wa zan kira baɗi ba.