Gefen da Ɗana Yake Kallona

Ɗana yana da wata huɗu na yarda cewa kansa ba daidai yake ba. Na ce na yarda, don gani kam na daɗe da gani. Wanzami ne ya zo ya yi masa aski, gashi ya tafi, sai ga abin a fili: ƙeyarsa ta gefen dama ta shafe kamar ɗanyen tulun da aka jingina da bango, kunnen wannan gefen ma ya ɗan matso gaba. Wanzamin ya juya kan hagu da dama, ya ce, "Wa ya yi miki wankan yaron ga?" Na ce ni ce. Ya ce, "To," ya naɗe kayansa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A lokacin muna haya a Madarunfa, ɗaki ɗaya da rumfa, can gefen gari ta hanyar tabki. Mu ba 'yan garin ba ne. Maigidana yana Ikko yana dako, sai damina yake zuwa ya yi noma a ƙauyensu wajen Gabi, ya koma. Haihuwar fari, mace gidansu take zuwa uwarta ta yi mata wanka. Ni tawa ta rasu tun kafin aurena, abin da ta bar mini keken ɗinki ne, baƙi, na ƙafa, kuma da shi nake ci. Haihuwar ma aiki aka yi mini aka ciro yaron. Wajen wata uku ban iya goya shi ba, ko na gwada sai ɗinkin cikina ya riƙe ni.

A wajenmu wadda take yi wa jinjiri wanka ita take gyara masa kai. Ta tsoma tsumma cikin ruwan zafi, ta matse, ta bi goshi da ƙeya da gefe da gefe tana dannawa, tana mulmulawa da tafin hannu kamar mai dunƙula fura. Maƙwabciyata, wata tsohuwa mai suyar kifi, ta shigo kwana uku da sallamo ni daga likita, wato asibiti, ta ce za ta riƙa yi masa safe da yamma. Sashfam, wato ungozomar likita, ta riga ta ce kada in bari kowa ya danna masa kai. Wannan shi ne dalilin da na faɗa. Wanda ban faɗa ba, na yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji, kaina yana hayaƙi, kuma hannun tsohuwar ƙarnin kifi yake. Na ce, "Inna, an hana a likita." Ta ce, "To, Allah shi raya." Daga ranar gaisuwarmu ta koma ta kan katanga.

Haka muka zauna, ni da shi. Da safe in shimfiɗa masa 'yar katifa a ƙasa kusa da keke, in hau ɗinki. Masu kawo kaya su tsaya bakin ƙofa, su faɗi irin wuyan da suke so, su tafi. Akwai ranakun da daga asuba har magariba ba wanda nake yi wa magana sai shi, in ba shi labarin wadda ta kawo yadi biyu tana son riga da zane da ɗankwali.

Bayan askin sai na fara sa masa hula, ana zafi yana gumi. Hular ba ta hana komai ba, don mata hannunsu ba ya zama. Wannan ta ɗaga ta ce kan gatari ne, waccan ta ce haka ake yi in an raina manya. Na koma wajen sashfam, ta duba, ta ce zai gyaru, in riƙa juya shi. Layi yana bayana har waje, maganar ba ta wuce haka ba. Na juya shi ɗin, amma kafin in zare allura ya mayar da kansa inda ya saba.

Sai na ɗauke shi muka shiga mota zuwa Maradi, wata kilinik ta kuɗi. Aka ɗauki hoton kan. Likitan mutum ne mai haƙuri, ya nuna mini hoton a jikin fitila ya ce ƙashi lafiya, ƙwaƙwalwa lafiya. "Ba ciwo ba ne, madam, kwanciya ce." Ya ce akwai wata hula mai tauri, irin kasken nan, hular kwanon masu babur, amma ƙarama, ana auna kan a aika waje a yi ta, yaro ya yi watanni da ita. Da ya faɗi kuɗin sai da na sa ya maimaita. Ya ce in za a yi, gara yanzu, kafin kan ya yi ƙwari. Na ce shi me ya gani? Ya ce, "Ba ni ce miki dole, ba ni kuma ce miki banza ce."

A tasha na kira maigidana. Ƙarar motoci a wajensa, ƙarar motoci a wajena. Ya ce, "Shina shan nono?" Na ce yana sha. "Shina kwana?" Yana kwana. Ya ce shi dai ba ya da komai yanzu, amma yadda na gani in yi. Ba mugu ba ne, abin da yake da shi ke nan. Amma ni a ranar so nake wani ya hana ni ko ya tilasta mini, in samu wanda zan yi fushi da shi. Na zauna kan benci na yi kukana, mai shayi yana yi kamar bai gani ba.

Abin sayarwa mai tsoka ɗaya gare ni, keken nan. Wani tela daga kasuwa ya zo ya ga keken, ya zauna ya taka, ya shafa jikinsa, ya ce irin wannan ba a yin su yanzu. In na haɗa da 'yan kunnena da tumaki biyu da nake da su a ƙauye, zai kusa kaiwa. Na ce ya dawo bayan kwana bakwai. Cikin kwanakin nan ɗinki uku na ɓata. In na sayar, me za mu ci? In na riƙe, na san yaran gari, suna ɗaya za su laƙa masa ya bi shi har furfura, kuma wata rana zai ji cewa an samu magani uwarsa ta zaɓi ƙarfe. Ba wanda zan tambaya. Na yi ta tunanin abin da uwata za ta ce, sai na ga har muryarta ta fara ɓace mini.

Rana ta shida na haɗiye girman kaina, na ɗauki yaron na zagaya gidan tsohuwar. Na cire hular na ce, "Inna, ga abin da na yi." So nake ta ce laifina ne, in huta. Ta wanke hannu, ta shafa kan. Ta biyo ni ɗakina ta ce in kwantar da shi inda nake kwantar da shi, in ci gaba da aikina. Ta zauna bakin gado. Na taka keke. Yana jin ƙarar ya juya kansa dama, ya kafe ni da ido. Ta tafa hannu ta gefen hagu, ya ɗan waiga, ya dawo wurina.

Ta ce, "Ɗiyata, na gyara kawuna da yawa, amma wanga ba tsumma ya rasa ba. Yaro cikin mutane, wanga ya kira shi, wancan ya ɗauke shi, kanshi bai zama wuri guda. Shi ko mi zai kalla can? Bango ne. Ke ɗai gare shi."

Na tsayar da ƙafata. Wata huɗu ina tausayin kaina cewa ni kaɗai ce a ɗakin nan, ban taɓa tunanin shi ma haka yake ba.

Da telan ya dawo na ba shi haƙuri. Na juya katifar, kai ya koma wajen ƙafa, yadda in yana son ganina sai ya waiga hagu. Kwana biyu yana ƙorafi, a na uku ya saba. Kullum da hantsi tsohuwar ta zo ta goya shi ta tafi wajen suyarta, inda masunta da masu saye suke ta yi masa wasa. Ya dawo mini yana ƙarnin kifi, in rungume shi haka nan.

Kan ya ciko, amma bai cika duka ba. Yanzu shekararsa bakwai, yana lakwal, babansa har yau yana Ikko, tsohuwar kuma ta rasu bara waccan. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, sai dai hularsa ta Juma'a ba ta zama daidai, kullum tana karkata. Ko da a ce na sayar da keken da hular ta zauna daidai, ban sani ba, kuma ba wanda zai gaya mini.

Kwanaki ya dawo ya ce wani yaro ya ce kansa ya lotse. Ya tambaye ni me ya same shi. Ina kan keke, shi yana zaune a ƙasa da littafinsa, ya ɗago yana kallona. Na ce, "Kwanciya ce, kana jinjiri." Ya ce to, ya koma karatunsa. Na miƙa hannu na dafa ƙeyarsa, tafin hannuna ya zauna daidai a wurin.