Safiyar da Rana Ta Toshe wa Baba Eriya Gajeren Zango

Shagon Baba Eriya bai fi ɗakin wanka girma ba. Yana maƙale tsakanin tela da mai sayar da fenti, kuma in za ka shiga sai ka bi a karkace, kada kafaɗarka ta zubo rediyoyin da aka kawo gyara tun shekara goma ba a dawo ɗauka ba. Wasu masu su ma sun riga mu gidan gaskiya. Shi dai ya ƙi zubarwa, wai amana ce.

Sunan ya samo shi ne daga wata doguwar waya da ya ja tun daga tagar shagon har saman rufi, ya ɗaure ta a jikin gora. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan sana'a. Yana da mitar gwaji a aljihun tebur, amma batirinta ya daɗe da zubar da ruwa, don shi da kunne yake aiki. In ya gama gyara, ba ya ba ka kayanka sai ya kwana. Washegari da ƙarfe goma zai jona wayar nan, ya murɗa zuwa gajeren zango, ya nemo wata tasha mai nisan gaske inda wata mata ke karanta labarai da harshen da ko kalma ɗaya bai sani ba. In ya ji jan numfashinta tsakanin magana da magana, to rediyo ya gyaru.

"Tashar gari ai ko gwangwani ka sa wa waya zai kama," in ji shi. "Ta nesa ita ce shaida."

Duniya ta koma kan wayar hannu, amma bai rasa mutanensa ba: masu gadi, direbobin manyan motoci, da tsofaffi irinsa waɗanda ba su yarda da labari ba sai sun ji shi yana tafe yana shuu.

Matsalar ita ce hannunsa na dama. Tun bara ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, musamman in ya ɗauki ƙarfen narka dalma. Ya ɓoye wa kowa, amma ina! Autarsa nas ce a asibiti, kuma rana ɗaya ta ga shayi na tsalle a kofinsa ta gane. Tun rasuwar mahaifiyarta shi kaɗai yake kwana a gida. Ta share masa ɗaki a gidanta, ta sa katifa da labule, ta yi lallashi, ta yi fushi, har kuka ta yi. Da ta ishe shi, sai ya ce a gaban tela:

"Ranar da rediyo ya gagare ni, da hannuna zan ba ki makullin shagon nan. Kafin nan ki shafa min lafiya."

"Ka faɗa fa, Baba."

"Na faɗa. Tela, ka zama shaida."

Baba Eriya mutum ne mai taurin kai, amma ba ya magana biyu. Wannan kowa a layin ya sani.

Ranar da abin ya faru, gari ya waye tas, ko gajimare babu. A kan tebur akwai rediyon wani mai gadi da ya canza wa sifika jiya, mai shi zai zo da azahar. Goma ta ɗan gota, ya jona waya, ya murɗa. Shiru. Ba irin shirun da ya saba ba, wanda murya ke nutsewa ta sake tasowa. Ko shuu ɗin nan ya yi ƙasa, kamar an tura rediyon ƙarƙashin bargo. Ya bi zangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu tasha ko ɗaya. Ya koma tashar gari, sai ga kiɗa rau. Ashe ba batir ba ne, ba sifika ba ce.

Ya jawo na wani direba da ya gyara shekaranjiya, wanda jiya-jiyan nan matar ta yi magana a cikinsa. Shiru.

Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da na uku, ƙaramin rediyo mai rigar fata, na marigayiya matarsa. Da shi take aikin gida shekara ashirin, har wurin murɗawar ya lotsa daidai babban yatsanta. Wannan bai taɓa ba shi kunya ba. Sai dai a makon nan ya buɗe shi ya share masa ƙura. Ya kunna. Shiru.

Da a ce shekara goma baya ne, da tsaki zai ja, ya zagi tashoshin, ya sha shayinsa ya jira. Amma mutumin da ya shekara yana tsoron hannunsa ba ya tunani irin wannan. Lissafin da ya yi shi ne: rediyo uku, masu su daban, shekarunsu daban, me ya haɗa su? Hannunsa. Duk ukun ya taɓa su a mako guda.

Wayyo, bawan Allah. Sai ya ɗauki sukundireba.

Ya kwance na mai gadi, ya kwance na direba, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya yi ɓarna. Bai ga komai ba, kuma rashin ganin ya fi tayar masa da hankali, don yanzu har idonsa ya shiga zargi. Daga ƙarshe ya cire wa na matarsa rigar fatar, ya zare ƴar sandar da siririyar waya ke naɗe a jikinta, hannun na rawa, wayar ta tsinke. Kafin sha ɗaya da rabi teburin ya cika da kusoshi da hanjin rediyo, babu ko ɗaya da ya rage da za a iya kunnawa.

Tela ya leƙo aron almakashi, ya ga dattijo zaune ya zuba wa tafin hannunsa ido.

"Baba Eriya, lafiya? Yau kuma tiyata ake yi?"

"Kira min Auta."

Ta zo da kayan aiki a jikinta. Bai yi dogon bayani ba. Ya ba tela saƙon haƙuri ga mai gadi, ya ja ƙofa, ya datse kwaɗo, ya sa mata makullin a hannu, guda biyu a jikin zare. Ta daɗe tana jiran wannan rana, amma da ta zo, ko kallon fuskarsa ta kasa yi.

Ɗakin da ta shirya masa yana da kyau, har da fanka. Ya zauna a bakin katifa da takalmansa a ƙafa. Abincin da aka kawo, haka aka ɗauke shi.

Da safe ta yi sallama ta shigo da shayi. Ta ajiye, ta ƙi fita, tana ta murza bakin mayafinta.

"Baba, akwai maganar da zan faɗa maka."

Mijinta yana aiki a filin jirgin sama, a ɗakin da ake magana da matuƙa. Jiya da ya dawo, in ji ta, ya ba ta labarin irin wahalar da suka sha: wajen goma da ƴan mintuna, jiragen da ke can nesa suka daina jin su a gajeren zango, kusan awa guda. Wai rana ce ta yi aman wuta. Wani irin haske mai ƙarfi ya fashe daga jikinta, cikin minti takwas ya iso duniya.

"Ya ce akwai wani rufi can sama, wanda muryar rediyo ke bugawa ta dawo ƙasa..."

"Wannan na san shi tun ba a haifi mijinki ba."

"To hasken ne ya dake shi. Maimakon ya maido da murya, sai ya shanye ta. Duk inda rana take sama a lokacin, haka aka yi. Wajen sha ɗaya da wani abu komai ya dawo da kansa."

Baba Eriya ya lissafa. Sha ɗaya da wani abu. A lokacin yana tsakiyar tsinka wayar rediyon matarsa. Da ya bar ko guda ɗaya a kunne, da ya ji matar nan ta dawo tana jan numfashinta.

"Kenan lafiyarsu ƙalau," ya ce a hankali. "Babu abin da ya same su sai ni."

Kunya ta kama shi, da haushi, da wani daɗi da ya rasa inda zai sa shi. Ya ɗaga kai ya harari taga, inda ranar ke haskawa abinta kamar ba ita ba.

"Ja'ira! Shekara arba'in muna gaisawa kullum."

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Ta buɗe hannu, ga makullin, har ya yi mata shaida a tafi.

Ya dube shi, ya dube ta. "Tun jiya kika sani."

"Tun jiya."

"Da kin yi shiru, ai ba zan taɓa sani ba."

"Na yi wannan tunanin, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Wallahi ina son ka zauna a nan. Amma na ga yadda ka zauna jiya da takalmi a ƙafa. Ba haka nake son in same ka ba."

Ya karɓi makullin, tare suka koma shagon, don ranar ba ta da aiki. Tela na ganinsu ya fara tafi, Baba ya ce ya rufe masa baki. Na mai gadi da na direba ba su ba shi wuya ba. Na marigayiya ne aikin, don wayar da ta tsinke ba ta fi gashin kai kauri ba. Sau uku yana kai dalma, sau uku hannun na kaucewa. A na huɗu sai ya matsa gefe a kan benci. Auta ta zauna, ta riƙe masa wuyan hannu da yatsu biyu, yadda take riƙe na marasa lafiya, dalmar ta zauna daram.

Bai jira washegari ba. Ya jona wayar rufi, ya ɗora babban yatsansa a lotsawar da yatsan matarsa ya bari, ya murɗa. Shuu ya cika shagon, sannan can ƙasa, murya.

Ya saurara har ya ji numfashin. Sai ya zare makulli ɗaya daga cikin biyun da ke jikin zaren, ya tura mata a kan tebur.

"Shagon ina nan," ya ce. "Amma ɗakin nan naki, kada ki cire labulen. Da yamma ki turo a ɗauko min kayana."