Jirgin da Bai Amsa Ba Tukuna

Duk wanda ya zauna a unguwar Danau Kota ta ƙasar Malesiya ya san gyaran muryar Baba Ubale kafin ya san fuskarsa. Da an idar da sallar asuba a masallacin ƙasan bene za ka ji shi a bakin lif, jaka a kafaɗa, abincin da matarsa Khaulah ta tapau masa, wato ta ƙunsa masa, a hannu. Ba ya tsayawa hira. In ka gaishe shi yana tafiya yake amsawa, wai jirgin ƙasa ba surukinsa ba ne da zai jira shi. Daga nan sai tashar KL Sentral, ya sauya jirgi zuwa Port Klang da ke bakin teku, ba a sake ganinsa sai ya dawo da warin gishiri a rigarsa.

Ɗalibanmu da yawa sun ɗauka gadi yake yi. Akwai ma wanda ya rantse mana cewa kifi yake sayarwa. To, ga gaskiyar magana. Malam Ubale Ashafa shi ne mai oba-oba na wani kulob ɗin tseren jiragen ruwa, irin waɗanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Sukan tashi daga Port Klang su nausa cikin mashigin Malaka, su yi kwanaki ana rige-rige zuwa tsibirai. Shi kuma yana biye a jirgin rakiya. Safe, rana da yamma zai ɗauki abin magana ya kira kowane jirgi da sunansa, jirgin ya faɗi inda yake, ya kuma tabbatar mutanensa sun cika. Shi ke nan aikin, kuma ya fi shekara ashirin yana yi. Abin dariyar, mutumin Ƙauran Namoda ne, har gobe bai iya iyo ba.

Karatu ya zo yi a wata makaranta da ke titin Jalan Semarak tun muna yara, aure ya zaunar da shi. Khaulah 'yar Malesiya ce, kuma ƙanenta Hisham, wanda ke tuƙa wani jirgi mai suna Seri Senja, shi ya kai shi kulob ɗin. Ƙanen mata ai abokin wasa ne, Baba Ubale kuwa bai bar wannan al'ada a gida ba. Kullum suna cikin tsokanar juna. Hausar da Hisham ya iya duka-duka kalma ɗaya ce, da ita kuma yake amsa kira. Sauran jirage su amsa da Turanci, shi sai ya ja murya ya ce, “Na'am!” ya fashe da dariya.

Wata rana aka kira Seri Senja, ba a ji na'am ba. Aka yi nema har aka gaji. Ba a ga katako ba, ba a ga ƙyalle ba, ba a ga gawa ba. Teku ta rufe bakinta kamar ba a taɓa yin jirgin ba. Aka yi musu sallar ga'ibi, dangi suka share hawaye, kulob ya ci gaba da harkokinsa.

Amma a tseren da ya biyo baya, da Baba Ubale ya gama kiran jirage, sai aka ji ya ƙara da cewa, “Seri Senja, Seri Senja, ana kiranki.” Ya saki abin magana ya yi shiru, tsawon abin da mutum zai karanta Fatiha a zuciyarsa. Shugabannin kulob suka tambaye shi cikin lalama, suna tsammanin baƙin ciki ne ya taɓa shi. Ya ce musu shi lafiyarsa ƙalau. “An ɗauke ni in kira jirage har su amsa. Wannan bai amsa ba tukuna.”

Suka ƙyale shi, suna cewa zai daina. Ina! Shekaru suka yi ta wucewa, matuƙa suka tsufa, sababbi suka zo, kiran bai fasa ba. Har ya zama duk wanda ke tsere a wannan ruwa, Basine ne ko Ba'indiye ko Bature, da ya ji sunan nan zai ɗauke yatsansa daga abin magana. Waɗanda suka taɓa ji sun ce ba shiru ne mai daɗi ba. Kana tsakiyar teku, rana tsaka, oba-oba tana shuuu, kowa ya kasa kunne ga jirgin da ya san ba ya nan. Wani matuƙi ya ce shi in lokacin ya zo ba ya yarda ya waiwaya bayansa.

Cikin masu tsokanarsa a kan wannan har da Zahraddeen, ɗalibin digiri na uku, mutumin Haɗeja, magidanci mai mata da jaririya. Shi ɗan bakin kogi ne, ruwa ba ya ba shi tsoro, kuma ya dami Baba Ubale har sai da ya sama masa gurbi cikin ma'aikatan wani jirgi.

“Baba, wallahi wannan kiran naka yana sa tsigar jikina tashi,” in ji shi wata rana suna shan shayi a mamak, wato shagon shayi da abinci. “Kiran matattu fa kake yi, lah,” ya ƙarasa da “lah” irin ta 'yan Malesiya.

“Ka ga gawarsu?”

“A'a.”

“To sha shayinka.”

Abin ya faru a shekarar da jerebu ya yi tsanani, wato hayaƙin gobarar daji da iska ke kwasowa daga ƙetare ta lulluɓe gari da teku. Da hantsi wata guguwa ta taso ba sallama. Ƙarfen da ke riƙe da ƙyalle ya juyo ya make Zahraddeen, ya faɗa ruwa. Kafin abokansa su sauke ƙyalle su juya jirgi, hayaƙi ya haɗiye shi. Yana sanye da rigar da ke hana nutsewa, da 'yar ƙaramar oba-oba a maƙale a ƙirji, amma wa zai ga kan mutum ɗaya a cikin wannan toka?

Sai iska ta ɗauke ɗif. Teku ta kwanta lumui, ko motsi babu. Rana ta koma ja kamar gwaiduwar ƙwai, kana iya kallonta ido da ido. Daga jirgin rakiya ba ka ganin komai sai fari-fari, ba ka san inda ruwa ya ƙare sama ta fara ba. Aka dakatar da tsere, jirage suka bazu nema. Oba-oba kuwa ta cika da hayaniya. Wannan yana faɗin inda ya duba, wancan yana tambaya, wani yana ihu wai ya ga wani abu, ashe kwakwa ce ke yawo. Kowa da niyyar alheri, kowa yana magana.

Wayar Baba Ubale ta yi ƙara. Lailatu ce, matar Zahraddeen, labari ya riga ya isa Danau Kota.

“Baba, da gaske ne?”

“Muna nema, 'yata. Ki yi ta addu'a.”

Yana jiyo kukan jaririya a bayanta. Ba ta ce kai ka kai shi ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi.

Lokacin kiran rana ya yi. Ya ɗauki abin magana ya fara, jirgi bayan jirgi, kowa yana amsawa a gaggauce ana katse juna. Da ya kusa ƙarshe, Kyaftin Wong, matuƙin jirgin rakiya kuma abokinsa na shekaru, mai ce masa Pak, wato Baba, ya dafa kafaɗarsa.

“Pak Ubale, yau dai a bar na ƙarshen, lah. Mutane a tsorace suke.”

Gaskiya Wong ya faɗa, kuma shi kansa Baba Ubale tsoron ne ya cika shi. Abin da ke cin ransa shi ne, watakila daga gobe sunaye biyu zai riƙa kira a ƙarshe, kuma dukansu nasa ne, ɗaya ƙanen matarsa, ɗaya shi ya kawo shi. Ya dubi hayaƙin nan, ya ji kamar wani abu a ciki yana jira ya buɗe baki. Ya ce a ransa, in na bar na jiya saboda na yau, gobe ma za a bar na yau. Ya danna.

“Seri Senja, Seri Senja, ana kiranki.”

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ran nan sabo ya yi rana. Ba wanda ya ba da umarni, yatsu suka ɗaga da kansu. Karo na farko tun hantsi, tekun nan ta yi tsit. Baba Ubale ya fara Fatiha a zuciya. Bai kai rabi ba oba-oba ta yi ƙas, ta sake yin ƙas, sai wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ta ce:

“Na'am.”

Kofin shayin Wong ya suɓuce ya fashe. Waɗanda ke cikin jirgin sun ce fuskar Baba Ubale ta koma kamar ba jini. Shekara da shekaru yana jiran kalmar nan, ran da ta zo kuma sai ya ji da ma ƙasa ce a ƙarƙashinsa ya ruga. Ya yi innalillahi, ya tattaro sauran ƙarfinsa.

“Wane ne?”

“Baba... ni ne... Zahraddeen.”

Allahu Akbar! Ashe bawan Allah tun faɗawarsa ya yi ta kira, manyan oba-oba na jirage suna danne 'yar ƙaramar tasa. Masu nemansa ne suka hana a ji shi. Wannan shirun kaɗai ne ƙofar da muryarsa za ta iya bi.

Baba Ubale ya daka tsawar da ba a taɓa jin ya yi ba, ya ce kada wanda ya sake cewa uffan. Ya tambayi Zahraddeen me yake gani, ya ce ba komai sai hayaƙi. Sai dattijon ya koma ga abin da ya saba. Ya riƙa kiran jirage ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya danna hon, sannan kowa ya saurara. Hon ya yi ta kuka cikin hayaƙi, Zahraddeen yana cewa ban ji ba, ban ji ba, muryarsa tana ƙara nisa. Can aka kira wani jirgi da ke gefen yamma, ya busa, sai aka ji, “Na ji wannan, Baba. Na ji shi.” Kafin la'asar aka tsamo shi, leɓe a tsattsage, kafaɗa a goce, amma da ransa.

Sauran labarin a falon Zahraddeen muka ji, bayan an sallamo shi daga asibiti, Lailatu tana ta zuba mana kunu. Ya ce da ya ga ba a jin sa sai ya kashe oba-obar don kada batir ya ƙare, da niyyar ya kunna in lokacin kiran Baba ya yi. Amma zafi da ƙishi suka rinjaye shi, ya fara gyangyaɗi, bai ƙara sanin lokaci ba. Sai ya ga wani jirgi ya fito daga cikin hayaƙi, ƙyallensa ya koɗe, yana tafiya alhali babu iska. Ya ɗaga hannu, ba wanda ya ce masa komai. Mutum ɗaya ne a kan sitiyari, ya dube shi yana murmushi, ya nuna masa ƙirjinsa da yatsa. Ya duba, ya ga oba-oba, ya kunna. Daidai lokacin muryar Baba ke cewa ana kiranki.

Likita ya ce ƙishirwa kan sa mutum ya ga abin da babu, kuma babu jirgin da ya ce ya bi ta wurin. Mu dai ba ma faɗin abin da ba mu sani ba. Baba Ubale, da ke zaune a gefe, bai tambayi kamannin mutumin ba. Ya ce Allah ne masani, ya tashi ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba.

Bana kunnensa ya fara nauyi, shi da kansa ya ce lokaci ya yi, mai aikin saurare ba ya jira sai an gaya masa. Ranar kiransa na ƙarshe Khaulah ta bi shi cikin jirgin rakiya, karonta na farko a kan teku tun ɓatan ƙanenta. Ya kira jirage duka suka amsa. Ya kira Seri Senja, aka yi shiru, ita tana riƙe da gefen rigarsa. Da Fatiha ta ƙare ya miƙa abin magana ga matashiyar da za ta gaje shi, ya ce mata, “Saura ɗaya. Bai amsa ba tukuna.” An gaya mana a tseren da ya biyo baya ta kira.

Baba Ubale, na Khaulah, kunnen teku. Kai ne wanda bai iya iyo ba amma ya tsamo mutum daga tsakiyar ruwa. Kai ne ka ƙi cire sunan wanda kowa ya haƙura da shi, har rayayye ya samu wurin amsawa. Ba a taɓa ɗaga kofi da sunanka ba, hotonka ba ya bangon kulob, amma akwai yarinya a Danau Kota da ke gudu ta tari ubanta a bakin ƙofa, kuma bayan Allah kai ne sanadi. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Hisham da abokan tafiyarsa duk inda suke kwance.

Mu kuma da muka rage, mu duba kanmu. A benayen nan namu akwai ɗalibin da ya daina zuwa masallaci, akwai matar da aka daina gani a kasuwar Masjid India, akwai wanda ya yi tsit a guruf ɗinmu na waya, mu kuwa muna ta surutu a kansa. Ku kira shi da sunansa. In kun kira kuma, don Allah ku yi shiru ku saurara, ko da tsawon Fatiha ne.